Akwatin da Aka Rataye a Kan Rumbu

Saura kaɗan in bar wannan babin ban rubuta ba. Na ɗauki biro na aje, na sake ɗauka na aje, don ni karatuna na lakol bai yi nisa ba, kuma abin da ya faru a gidan su Ummuhani ba shi da hayaniyar da ke sa karatu daɗi. Amma tun da na fara labarinta, ba zan bar ta tsaye a tsakar gida ba. Ga yadda aka yi.

Ranar da Hambali, mai neman aurenta, ya kawo akwatin wifi, Ummuhani na zaune gindin rumbu tana tsintar wake. Ta ji tsayuwar motonsa mai ƙafa biyu a ƙofar gida, ta ji muryar Gwaggo Batulu, yayar babanta, tana yi masa lale kamar wanda ya dawo daga Makka. Ba ta ɗaga kai ba.

Ta daɗe da daina ɗaga kai. Tun ranar da babanta Malam Shu'aibu ya ce kada Safiyanu ya ƙara taka masa zaure, wani abu ya mutu a ƙirjinta. Tana ci, tana salla, tana amsa gaisuwa. Shi ke nan.

Safiyanu mai gyaran salula ne a Cadawa, abokin yayanta Haladu da ya tafi neman kuɗi Aljeriya. A garinsu, Gidan Jaye, rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya shiga ɗaka, sai a kan tudun bayan gidansu yake ɗan kamawa. Shi ya sa Haladu ya roƙi abokinsa ya riƙa zuwa yana buɗe musu konekshon na intanet daga salularsa, saƙonnin muryar da ya turo su samu shiga. Safiyanu ya sa wa kowa kod, wato lambar sirri, a gidan. In ya hau tudun ya buɗe, sai salulolin gidan su farka gaba ɗaya.

A haka suka saba da Ummuhani. A haka ya turo magabatansa. A haka Malam Shu'aibu ya sallame su da magana mai sanyi.

"Yaro ne mai ladabi, ban ƙi ba. Amma kakansa daga ƙetaren iyaka ya zo, ba mu san tushensa ba. Kuma ba shi da ko taki ɗaya na gona. In salula ta daina lalacewa, ƙasa za su ci?"

Da farko Safiyanu bai daina hawa tudun ba. Ba ya sallama, ba ya kiran kowa. Sai dai a ji salular Gwaggo Batulu ta hau kuka a cikin zane, ta ce, "Ga ɗan nacin nan ya zo." Duk da haka ba ta fasa sauraren saƙonninta. Daga baya Malam ya aika wa kawun Safiyanu cewa tudun ma gonarsa ce. Daga ranar salulolin gidan suka yi shiru.

Wadda shirun ya fi ci ita ce mahaifiyar Ummuhani, Inna Lubabatu.

Haladu ɗanta ne na fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tambayar lafiyarsa a gaban mutane ba, don kunyar ɗan fari ta hana. In dole ta yi maganarsa sai ta ce "wancan." Da, in saƙonsa ya shigo, takan shige madafa ta kara salular a kunne, ta fito tana goge ido tana zagin ɗanyen icce. Yanzu ga labari na yawo a gari cewa ana kamen baƙi a can, ga shi ba ta da bakin da za ta ce wa wani ya je Cadawa ya jiyo mata.

Ta rame. Kowa ya gani, ba wanda ya tanka.

"Ummuhani! Ke Ummuhani!" Gwaggo ce ta leƙo daga zaure. "Taso ki ga abin arziki. Wasu na zuwa da baki, wasu na zuwa da kaya."

Ta tashi don an kira ta. Ta durƙusa daga bakin ƙofa.

Hambali dillalin aya ne da wake, gidansu da gidan Malam tun kakanni ake gaisawa. Ba mugu ba ne. Mutum ne mai yawan dariya da yawan zufa. Ya miƙo wani ɗan abu fari, bai fi sabulun wanki girma ba.

"Ranki ya daɗe, ga shi. Da layinsa a ciki, da forfe na intanet, da komai. Daga yau ba sai wani ya tsaya muku a bayan katanga kamar ɓarawon kaji ba."

Gwaggo ta kwashe da dariya har da tafi. Malam Shu'aibu ya ja carbinsa.

"An gode," in ji Ummuhani.

Hambali ya ɗora akwatin a kan tagar zaure, ƙarƙashin rufin kwano, ya danna. Wata 'yar fitila ta kama, ja. Ya kashe ya kunna. Ja. Ya girgiza shi, ya hura masa iska, ya ɗaga shi sama kamar mai auna hatsi. Ja dai.

"A Cadawa fa kore ya yi, da idona na gani," ya ce yana share goshi.

"Baƙunta yake yi," in ji Gwaggo. "Ko amarya ai ba ta sakin jiki ran farko."

Da rana ta take, Hambali ya ce yana da awo a Gazawa, gobe zai dawo da wanda ya san kan abin. Ya bar akwatin a taga. Malam ya fita gona. Gwaggo ta shiga ɗaki ta kishingiɗa.

Ummuhani ta koma kan wakenta.

Sai ta lura da Inna. Ta fito da tsintsiya tana sharar bakin zaure, wurin da aka share da safe. Ta share, ta leƙa taga. Ta koma ta ɗauko tulu, ta wuce ta gaban zauren, ta leƙa taga. Salularta na ƙulle a bakin zane, hannunta na kai.

Karo na gaba da ta zo wucewa, ta tsaya. Ba ta kalli 'yarta ba, bango ta kalla.

"Wannan jar wutar, haka take zama?"

"A'a, Inna."

"To."

Ta wuce madafa.

Ummuhani ta bi ta da kallo. Ba ta yi tunanin Hambali ba. Ba ta yi tunanin Safiyanu ba. Ƙashin wuyan Inna kawai take gani. Ta aje faifan, ta shiga zaure ta ɗauko akwatin.

Hannuwanta sun san abin yi, don sun sha ganin wasu hannuwa suna yi. Ta ɓalle murfin baya, ta cire batir, ta zaro layin ta goge shi da bakin mayafi, ta maida shi daidai. Ta danna ta riƙe har fitilar ta kama. Ja. Ta san dalili. Rufin kwano da katangar ƙasa ba sa barin rezo ya sauko.

Ta jingina tsani a jikin rumbu, ta hau. Daga can sama ana hango tudun bayan gida, ana hango hanyar Cadawa. Ta juya fuskar akwatin wajen da eriyar Cadawa take, ta jira.

Fitilar ta yi ƙyafta-ƙyafta. Ta koma kore.

Ta ɗaure shi da igiyar kaba a ƙarƙashin hular rumbun, inda rana ba za ta buge shi ba. Ta sauko ta karɓi salular Inna ba tare da sun haɗa ido ba. Ta buɗe wurin da sunayen wifi ke fitowa.

Nan ta ga sunan da aka sa wa akwatin. Ummuhani-Hambali.

Ta kalle shi kamar sunan wasu mutane. Ta kwafi kod ɗin daga jikin kwali ta sa. Salular ta yi shiru, can sai ta hau rawa a tafin hannunta, saƙo na bin saƙo.

Inna ta fizge ta ta shige madafa. Amma garin sauri ta danna inda bai kamata ba, muryar ta fito fili ta cika tsakar gida.

"Inna, ni ne. Lafiyata lau. An kama wasu a unguwarmu amma ni ina wurin aiki. Na yi ta turo saƙo shiru. Inna, ko tari ne ki yi mini in ji."

Ƙarar ce ta tada Gwaggo. Ta fito tana gyara ɗankwali, ta dubi madafa, ta dubi tsani, ta dubi koriyar fitila a kan rumbu, ta dubi ƙurar da ke gwiwar Ummuhani.

"Ke kika hau?"

"Ni ce, Gwaggo."

"Da hannunki kika kunna shi?"

"Inna ce take…"

Ba ta ƙarasa ba. Gwaggo ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Ta sake rangaɗawa. Kafin ka ce me, matan maƙwabta sun cika gidan.

"Ta karɓa! Kayan saurayi ya ƙi kamawa a hannun kowa, ita ta hau rumbu da kanta ta kunna! Yo me ya rage? Ku buɗe salulolinku ku ga suna!"

Suka buɗe. Masu karatu suka karanta wa marasa karatu. Aka yi ta shewa, ana dukan bayan Ummuhani.

"Muna-muna! Ashe ciki na so, baki na noƙewa!"

A Gidan Jaye, kayan da saurayi ya kawo in an aje shi gefe ba a taɓa ba, magana ba ta ƙulle ba. In budurwa ta ɗauka da hannunta ta mora, ta amsa ke nan. Ummuhani ta san haka tun tana yarinya. Ba ta dai tuna ba sa'ad da take kan tsani.

Ta tsaya a tsakiyarsu. Tana jin hannuwansu a jikinta kamar ana dukan katifa.

Da Malam ya dawo, Gwaggo ta tare shi tun daga ƙofa. Ya sa aka kira Ummuhani.

"Na ji abin da kika yi. Allah ya yi miki albarka." Muryarsa ta yi laushi irin wanda ta daɗe ba ta ji ba. "Ni ban taɓa cewa zan yi miki dole ba, kin sani. Jira nake ki gane da kanki. Gobe in yaron nan ya dawo, zan ce ya turo manyansa."

Ta so ta yi magana. Ba abin da ya fito.

"Tashi ki je. Kunya ai ado ce."

Bayan la'asar tana ɗaki zaune, salularta a cinya. Ba abin da take nema, yatsanta ne kawai ke ja sama yana ja ƙasa. Sai ta ga wani suna ya fito ƙarƙashin na akwatin. Safiyanu Gyara.

Da can salularta da kanta take kama shi. Yau ba ta kama ba, ta riga ta riƙe wani.

Ta ɗauki bokitin shara ta fita ta ƙofar baya.

Bai hau tudun ba. Yana tsaye a kan hanya, inda ba gonar kowa ba, ya jingina da motonsa. Ya rame shi ma. Ta tsaya nesa kaɗan, bokitin a hannu.

"Ina wuni," ta ce.

"Lafiya lau, Ummu."

Ya juyo mata da fuskar salularsa.

"Kin gani? Na buɗe tun ɗazu. Da in na buɗe, sai in ga ta Inna ta shigo, ta Gwaggo ta shigo, taki ta shigo. Taki ce kullum ta farko. Yau ba ko ɗaya."

"An hana ka zuwa."

"An hana ni. Na kuma hanu. Yau ma ba zuwa na yi ba, dubawa na zo yi." Ya nuna kan rumbu da haɓa. "Kin san wa ya shirya wancan?"

Ta girgiza kai.

"Ni. A teburina ya kawo shi. Na sa layi, na sa forfe, na ce wane suna za a sa. Ya faɗa mini yana dariya. Bai ma san ni ba, Ummu. Da yatsan nan na rubuta. Harafi ɗaya ban ɓata ba."

"Me ya sa ba ka ƙi ba?"

"In ce masa me? Aikina ne." Ya dubi rumbun. "Amma na kwantar da raina. Na ce a gidanku ba zai kama ba. Zai sa shi a zaure, kwano ya danne shi, ya gaji ya ɗauke abinsa. Mutum ɗaya ce a garin nan ta san a hau da shi sama a juya shi gabas. Na ce ita kuwa ba za ta yi ba."

Hawaye suka zubo mata. Ba ta ji zuwansu ba, sai ɗuminsu a kumatu.

"Tun daga kan kwalta na buɗe salula," ya ce. "Ina shigowa gari na ga sunan ya fito."

"Inna ba ta barci, Safiyanu. Ba ta cin abinci. Ba ta iya tambayar kowa. Kai ka san ba ta iyawa."

"Na sani."

"Yaya Haladu na da rai. Ta ji muryarsa yau."

"Alhamdu lillahi." Ya faɗe shi da gaske, ya sunkuyar da kai. "Wallahi na ji daɗi. Da ni ne ke ma, da na hau."

"To me ya sa kake kallona haka?"

"Don na ji guɗa ta kai har bakin kasuwa. Matar mai shayi ce ta faɗa mini, tana yi mini dariya."

"Ban amsa ba."

"Kin faɗa musu?"

Ta dubi bokitin da ke hannunta.

"Ummu, kin faɗa wa Baba ba ki amsa ba?"

"Bakina ya ƙi buɗuwa."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ciro ƙyalle ya goge madubin moto, wanda ba ƙura a jikinsa.

"Ba zan ce ki sauke shi ba. In kika sauke, Inna ta koma inda take, ni kuma ba a bar ni in hau tudu ba. Ba ni da abin da zan ba ta a madadinsa. In ya kwana ya wuni a can sama, ke ma kin san abin da ake nufi. Ni ban ga hanya ba. Na duba, na duba, ban gani ba."

"To ya zan yi?"

"Ban sani ba. Salula nake gyarawa."

Ya yi ƙoƙarin murmushi, abin bai yiwu ba.

"Wani ubangidana ya daɗe yana kirana Maraɗi. Ina ce masa ina da abin da ya riƙe ni a nan. Duk ranar da na ga manyan Hambali sun wuce ta gaban teburina da goro, zan ce masa ina tafe."

Ya danna salularsa. Ta duba tata. Sunansa ya ɓace daga jerin.

"Ki riƙa sauke shi kina sa masa caji a panon hasken rana kafin batir ya mutu," ya ce yana tada moto. "In ya mutu ƙurmus, wuyar tashi gare shi."

Ta tsaya har ƙurarsa ta kwanta. Sannan ta tuna ba ta zubar da sharar ba.

Da magariba ta gabato ta shiga madafa. Inna na tuƙa tuwo. Fuskarta ta sake, har wani ɗan waƙe-waƙe take yi ƙasa-ƙasa, ta bari da ta ga shigowarta. Ummuhani ta zauna tana iza wuta.

Inna ta dube ta sau ɗaya. Ta dubi idanunta da suka kumbura, ta dubi bokitin da ta aje a bakin ƙofa. Ta ci gaba da tuƙi.

Sai da ta fara kwashewa ta yi magana, idonta a kan tukunya.

"Na ji Yaya Batulu na guɗa."

"E, Inna."

"Ban ji taki muryar ba."

Ummuhani ta tura wani icce cikin wuta.

"Ni na aike ki kan rumbun nan," in ji Inna. "Ban buɗe baki ba, amma ni na aike ki."

"Ba ki aike ni ba, Inna."

"Rufe mini baki."

Ta malmala tuwo ɗaya, ta malmala na biyu. Ta goge hannu a zane, ta taɓa ƙullin da salular take.

"Wannan maganar ta wancan, da ta shigo ɗazu. In abin can na sama ba ya nan, fita take yi?"

"A'a. Wadda ta riga ta shigo tana nan."

"Ko an daɗe?"

"Ko an daɗe. Sai dai wata sabuwa ba za ta shigo ba."

Inna ta rufe akushin Malam.

"Ya ce ko tari in yi masa," ta ce. "Na yi masa. Ya isa."

Ta ɗauki akushin Malam ta fita.

Ummuhani ta zauna gaban murhu har garwashin ya yi toka. Ta jira ta ji wani abu, daɗi ko tsoro. Ba ta ji komai ba, sai nauyin hannuwanta a kan gwiwa.

Washegari bayan ta idar da sallar asuba, ta jingina tsani a jikin rumbu. Inna na bakin madafa tana wanke tukunya, ta juya wa rumbun baya, ba ta waiwayo ba.

Fitilar na nan kore. Ummuhani ta kwance igiyar, ta danna ta riƙe har ta mutu. Ta sauko da shi, ta goge raɓar da ke jikinsa da mayafinta, ta maida shi cikin kwalinsa, da wayar cajinsa, ta rufe.

Gwaggo Batulu ta fito da buta, ta tsaya cak.

"Ke! Ina za ki da shi? Caji za ki sa masa?"

Ummuhani ta wuce ta gabanta.

Malam Shu'aibu na zaune a zaure kan buzunsa, ya sa rigarsa ta tarbar baƙi. Daga nesa ana jin ƙarar moto na shigowa gari. Ummuhani ta durƙusa, ta aje kwalin a gaban ƙafafunsa da hannu biyu.

Ya dubi kwalin. Ya dube ta.

"Mene ne wannan?"

Muryarta ta fito 'yar ƙarama, amma ta fito.

"Baba, a maida masa."